Tsakanin Kabuga da Sharaɗa: Tarihin Jami'a da Masana'antun Kano

Daga tsohuwar harabar Jami'ar Bayero da ke kusa da Kabuga zuwa rukunin masana'antu na Sharaɗa, tafiyar 'yan mintuna ce a adaidaita sahu. A ɓangare guda akwai ɗakunan gwaje-gwaje da malaman kimiyya da injiniyoyi, ga kundayen digiri jibge a kan kantoci. A ɗaya ɓangaren akwai injuna da tukwanen jima da na narka roba, da masu kamfanonin da kullum suke fama da matsalolin da ilimi ne maganinsu. Kusan shekara hamsin ke nan suna maƙwabtaka, amma abin da ya ƙetara daga wannan gida zuwa wancan bai taka kara ya karya ba.

An saba ɗora laifin a kan ɗayan biyu. Masu masana'antu su ce malaman jami'a sun iya Turanci amma ba su san ƙarar inji ba. Malamai su ce 'yan kasuwar Kano ba su san darajar bincike ba, ribar yau kawai suke hange. Tarihi ya nuna lamarin ya wuce halin mutane. Tun ranar da aka aza harsashinsu, kowanne da alƙiblar da aka fuskantar da shi: masana'anta tana kallon tashar jiragen ruwa ta Legas, jami'a tana kallon ofishin gwamnati. Duk lokacin da suka juyo suka dubi juna, larura ce ta juyo da su.

Kafin zuwan inji

Kano ba a hannun Turawa ta fara sanin masana'anta ba. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a birnin a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini. Ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Timbuktu da Ghat da Tarabulus, ya kuma ƙiyasta kuɗin da wannan sana'a ke kawowa a shekara da wuri miliyan 300. Fatar jan akuya da majema suke jemewa da bagaruwa tana ƙetara Sahara, Turawa su saye ta a gaɓar teku su laƙaba mata sunan Maroko.

Wannan masana'anta tana da tata hanyar miƙa ilimi. Yaro yana shiga karofi yana ɗebo ruwa da toka, shekara da shekaru, har ya kai ga gane cewa baba ya nuna daga warinsa da kumfar da ta taso. Ilimin yana cikin hannu da ido da hanci, kuma mai koyarwa da mai sana'a mutum ɗaya ne. Ba a buƙatar yarjejeniya tsakanin makaranta da kasuwa, domin rumfa ɗaya suke.

Abin da ya fara girgiza wannan tsari daga wata jami'a ya fito. A Jamus, Farfesa Adolf von Baeyer na Jami'ar Munich ya gano yadda za a haɗa shuni a ɗakin gwaji ba tare da ganyen baba ba, a wajajen 1880. Kamfanin BASF ya karɓi wannan bincike, amma hanyar farko ta yi tsadar da ba za ta shiga kasuwa ba. A 1890 wani malamin a Zurich, Karl Heumann, ya kawo wata hanyar. Kamfanin ya ci gaba da zuba kuɗi da ɗaukar masana, sai a 1897 shunin kanti ya shiga kasuwa. Shekara goma sha bakwai tsakanin binciken malami da kayan sayarwa, kuma kamfani ne ya ɗauki nauyin wannan doguwar jira. Gonakin baba na Indiya suka durƙushe cikin 'yan shekaru, sannu a hankali kuma garin rini na gwangwani ya iso hannun marinan ƙasar Hausa.

Ke nan Kano ta ɗanɗani haɗin gwiwar jami'a da kamfani tun kafin ta mallaki jami'a ko kamfani. Sai dai ta ɗanɗane shi ne daga ɓangaren wanda aka ci kasuwarsa.

Masana'antun da suka zo a akwati

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a shekarar da ta biyo baya cinikin gyaɗa ya ɓarke. Daga nan aka sami dalar gyaɗa, aka sami attajirai irin su Alhassan Ɗantata, aka sami Kwarori da kamfanonin Turawa da suka kafa sansani a wajen ganuwa. Masana'antun zamani na farko daga wannan ciniki suka tsiro: matsar man gyaɗa, jimar fata, sabulu, alawa, turare. Bompai, wadda ke kusa da layin dogo, ita ta fara zama matattararsu tun shekarun 1950. Bayan an ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, kuɗin man fetur kuma ya shigo a shekarun 1970, sai aka yanka Sharaɗa kashi-kashi, daga baya aka buɗe Challawa a bakin kogi, inda manyan kamfanonin jima suka fi taruwa. A wannan zamani ne aka ga masaƙar Bagauda ta Alhaji Isyaku Rabi'u, da kamfanin fulawa na Arewa a Bompai, da masu harhaɗa kekunan Raleigh, da kamfanin harhaɗa manyan motocin Fiat, daga baya masaƙar Gaskiya ta Alhaji Nababa Badamasi.

Abin lura shi ne yadda waɗannan masana'antu suke zuwa. Manufar gwamnati a lokacin ita ce a daina shigo da kayan da aka gama, a riƙa haɗa su a gida. Mai kuɗi zai ƙulla ciniki da kamfanin Italiya ko Jamus ko Ingila ko Hong Kong, a turo masa injuna a akwatuna, a turo waɗanda za su kafa su, a turo manajan da zai tafiyar da su, shi kuwa a miƙa masa mabuɗi. Sinadaran daga can suke, kayan gyara daga can, littafin da ke bayanin injin ma daga can. In wani abu ya lalace, waya ake bugawa Turai. Naira tana da ƙarfi a lokacin, har ta fi dala daraja, saboda haka ɗauko injiniya daga Milan ya fi sauƙi da sauri a kan neman wani a Zariya ya zauna ya yi nazarin matsalar.

Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun sauya sunayen masu hannun jari, attajiran Kano da dama sun shiga kujerun daraktoci. Amma takardar hannun jari ba ta ɗauke da sanin yadda ake haɗa sinadari. Ofishin shugaba ya koma hannun ɗan gida, ɗakin inji ya ci gaba da zama a hannun baƙo. Kamfanin da ke reshe ne na wani uban kamfani a waje kuwa, can hedikwata ake yi masa bincike, nan aiki kawai ake aiwatarwa. Kusan babu masana'antar da ta ware ɗaki da ma'aikata don bincike, wato babu ma wanda malamin jami'a zai zo ya tarar su yi magana da harshe ɗaya.

Jami'ar da aka gina don cike kujeru

Ita ma jami'a da nata uzurin. Kwamitin Ashby, wanda ya miƙa rahotonsa a 1960, babbar damuwarsa ita ce ina za a sami mutanen da za su maye guraben Turawa masu tafiya. Arewa ta fi kowa wannan ƙishirwa. Kwalejin da aka buɗe a Kano a 1960, wadda ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, fanninta Larabci da addinin Musulunci da tarihi da harsuna ne. Injiniyanci da kimiyya da aikin gona suna Zariya. Sai a 1977 ta zama cikakkiyar jami'a a ƙarƙashin Dakta Mahmud Tukur, tsangayoyin kimiyya da fasaha kuma suka fara tsayawa da ƙafafunsu a daidai wannan lokaci. Ma'ana, birnin da ya fi kowane birni a Arewa yawan masana'antu ya shafe shekarun bunƙasarsa ba shi da tsangayar injiniyanci. Kafin ɗaliban farko su fito su goge, guguwar tattalin arziki ta shekarun 1980 ta riga ta taso.

Sannan ga ma'aunin da ake auna malami da shi. Ƙarin girma yana zuwa ne daga yawan maƙalun da aka buga a mujallun ilimi. Malamin da ya shafe wata shida a Challawa yana gyara yadda ake jiƙa fata bai ƙaru da komai a takardar ƙarin girma ba, ƙila ma a ce ya bar aiki ya tafi neman kuɗi. Dokar mallakar ƙirƙira ta 1970 kuma ta ce abin da ma'aikaci ya ƙirƙiro a bakin aikinsa na wanda ya ɗauke shi aiki ne, ga shi jami'o'in sun daɗe ba su da ofishin da zai yi rajistar ƙirƙirar, balle ya nema mata mai saye, balle a san kason da zai shiga aljihun mai ita. A Amurka, dokar Bayh-Dole ta 1980 ce ta warware irin wannan ƙulli: ta bar wa jami'o'i mallakar abin da suka gano da kuɗin gwamnati, ta kuma wajabta musu raba ribar da wanda ya yi binciken.

Gadojin da gwamnati ta gina

Ba za a ce gwamnati ba ta ga giɓin ba. Kusan kowace shekara goma sai ta kafa wata hukuma don cike shi.

A 1971 aka kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, wanda a 1973 ya fito da shirin SIWES na tura ɗalibai masana'antu. Dalilin kafa shi ƙorafin masu kamfanoni ne cewa masu digiri ba su taɓa riƙe sifana ba. Har yau wannan shiri ne hanya mafi faɗi tsakanin jami'a da masana'anta, dubban ɗalibai suna bin ta kowace shekara. Ni ma na bi ta, wata shida a wani kamfanin roba a Sharaɗa. Akwai injin da ya tsaya kwana goma sha ɗaya, ba don wani ƙarfe ya karye ba, sai don manhajar da ke sarrafa shi tana kulle da kalmar sirri, mai kalmar kuma yana wata ƙasa yana jiran biza. Mu ɗaliban kwamfuta da na lantarki muna zaune a inuwa muna cike littafin rahoto. Da muka koma makaranta aka duba sa hannu da hatimi, aka ba mu maki. Babu wanda ya tambaye mu wace matsala muka gani da za ta iya zama aikin bincike. Ɗalibi yana zuwa ya dawo, amma matsalar masana'anta ba ta biyo shi zuwa aji.

A 1979 aka kafa ofishin da daga baya, a 1992, ya koma NOTAP. Aikinsa na asali shi ne rajistar yarjejeniyoyin fasaha tsakanin kamfanonin Najeriya da na ƙasashen waje, don a rage cutar da ake yi mana wajen biyan kuɗin lasisi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda hukuma ta fahimci miƙa fasaha a wancan zamani: abu ne da ke sauka daga jirgi. Sai a 2006 hukumar ta fara buɗe ofisoshin mallakar fasaha a cikin jami'o'i. A 1987 aka kafa majalisar binciken albarkatun masana'antu, RMRDC. A 1994 Kano ta sami cibiyar renon ƙananan masana'antu, ta biyu a ƙasar bayan ta Agege.

Gada mafi tsada kuwa da hannun Kano a gininta. Yarjejeniyar da ƙungiyar ASUU ta ƙulla da gwamnati a 1992, lokacin da Attahiru Jega na Jami'ar Bayero yake shugabanta, ita ta haifar da dokar harajin ilimi ta 1993, wadda ta ɗora wa kamfanoni biyan kashi 2 cikin 100 na ribarsu. Asusun ne ya zama TETFund a 2011, kuma duk wanda ya zaga jami'o'inmu ya ga gine-ginen da ke ɗauke da sunansa. Wannan haraji ya ceci jami'o'i daga rushewa. Sai dai kuɗin yana tashi daga Bompai ya tafi Abuja, daga can a rabo shi. Mai kamfani ya biya, amma ba shi da bakin cewa ga matsalar da yake so a bincika. Malami ya karɓa, amma ba mai kamfani zai yi wa bayani ba. Kuɗi ya ƙetara, magana ba ta ƙetara ba.

Haka ma kyautar attajirai. Ginin makarantar koyon kasuwanci da Gidauniyar Ɗangote ta yi wa Jami'ar Bayero, wanda aka buɗe a 2018, alheri ne babba. Amma kyauta daban, ciniki daban. Mai kyauta ba ya dawowa ya ce aikin bai yi ba a sake. Mai ciniki kuwa sai ya dawo, kuma wannan dawowar ce take gyara bincike har ya zama kayan aiki.

Ranar da dawa ta shiga masana'anta

Akwai lokacin da abin ya yiwu, kuma ya kamata a tsaya a kansa.

Farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗin waje ya yi ƙaranci, a 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, naira ta zube. A 1987 aka hana shigo da alkama, a 1988 aka hana shigo da tsirarren sha'ir, wanda shi ne ginshiƙin kamfanonin barasa da na lemon malt da na garin shayin yara. Kamfanonin nan, waɗanda yawancinsu suke Legas da Kaduna da garuruwan Kudu, suka wayi gari da zaɓi biyu: su sami madadi a gida ko su rufe.

Madadin yana Samaru. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR, wadda tushenta ya koma shekarun 1920 kuma ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta daɗe tana tace irin dawa. Cikin abin da ta fitar akwai gajeriyar kaura mai lamba SK5912, wadda aka samo daga kaurar da manomanmu suka gada. Ba don kamfanoni aka fitar da ita ba, amma da aka gwada sai aka tarar tana tsira da kyau. Cibiyar FIIRO ta Oshodi da wasu malaman jami'o'i su ma sun riga sun yi aiki a kan tsirar da dawa. Matsalolin ba ƙanana ba ne: sitacin dawa yana buƙatar zafi fiye da na sha'ir kafin ya narke, sinadaran da ke mayar da shi sukari kuma ba su kai na sha'ir ƙarfi ba. Dole kamfanonin suka sauya yadda suke dafawa da tacewa, suka sayi sababbin kayan aiki, suka ɗauki masana, suka shiga harkar raba iri ga manoma. Ko bayan da aka ɗage haramcin, ba su bar dawa ba, domin ta riga ta zame musu mai sauƙi. Buhunan da ake lodawa a kasuwar Dawanau zuwa waɗannan kamfanoni har gobe, jikokin wancan haɗin ne.

Abu uku ne suka haɗu. Akwai buƙatar da ba za a iya sayo maganinta daga waje ba. Akwai binciken da ya riga ya nuna tun kafin a neme shi, don ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai kuma kamfanoni masu ƙarfin aljihu da ma'aikatan kimiyya na kansu, waɗanda za su ɗauki abin da ya yi aiki a kwalbar gwaji su kai shi tukunyar tan dubu. Alkama ba ta sami wannan sa'a ba. An noma ta a Kadawa da ruwan madatsar Tiga, amma abin da aka girbe bai kusa isar masu fulawa ba, fasa-ƙwauri ya cike giɓin, a 1992 aka janye dokar. Doka ita kaɗai ba ta haifar da fasaha. Tana dai tilasta wa mutane su duba abin da ke gabansu.

Kogin da aka auna aka bari

In dawa ce misalin nasara, ruwan dattin masana'antun Kano shi ne misalin akasinta. Jimar zamani da gishirin kuromiyam ake yin ta, kuma a yadda aka saba, kusan kashi ɗaya cikin uku na sinadarin ba ya kama fata, yana bin ruwa ya fita. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara. Na Sharaɗa yana bin Salanta, shi da na Challawa su faɗa kogin Challawa, wanda ake noman rani a gefensa, ake kama kifi a cikinsa, matatar ruwa ta Tamburawa kuma tana gaba.

Da wuya a sami ruwan da aka auna a Arewa kamar wannan. Shekara da shekaru ɗaliban kimiyyar sinadarai da na halittu da na labarin ƙasa, daga Kano da Zariya da Wudil, suna zuwa da kwalabe su ɗiba, su auna kuromiyam da dalma, su rubuta kundi, su rufe da shawarar cewa ya kamata hukuma ta ɗauki mataki. Aikin yana da amfani, don shi ne hujjar da mutanen ƙauyukan bakin kogi suke da ita. Amma ya tsaya a gano ciwo. Hanyar magani kuwa sananniya ce: a ware ruwan kuromiyam daban, a zuba masa sinadarin da zai kwantar da shi, a tace, a narkar da shi da asid, a mayar da shi tukunyar jima. Mai kamfani ya rage sayen sinadari da dala, kogi ya huta. Abin da ya rage shi ne wanda zai gina ƙaramar masana'antar gwaji a cikin kamfani, ya zauna da ita har ta daidaita da irin fatarmu da ruwanmu da wutarmu. Jami'a ba ta da kasafin wannan, mai kamfani kuma ba ya ganin dalilin kashe kuɗi a kan abin da zubar da shi kyauta ne. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ga kuma cibiyar fata a Samaru, wadda ta faro a 1964 a matsayin shirin horar da masu harkar fatu da ƙiraga, yau ake kiranta NILEST. Ilimin yana nan, tazarar Zariya da Kano ce kawai.

Indiya ta shiga irin wannan hali. A 1996 kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a kan kamfanonin jima na jihar Tamil Nadu saboda gurɓata ruwa, ɗaruruwansu suka fuskanci rufewa. Cibiyar binciken fata ta Chennai, wadda aka kafa tun 1948, ta tura masananta cikin kamfanonin ɗaya bayan ɗaya, aka kafa na'urorin maido da kuromiyam da matatun haɗin gwiwa, masana'antar ta farfaɗo. Sharuɗɗan nan uku ne dai suka sake haɗuwa: tilas daga kotu, ilimin da ke ajiye, da masu kamfanin da suka ga cewa biyan masana ya fi rufe ƙofa sauƙi.

Abin da ya rage, da abin da ya dawo

Daga ƙarshen shekarun 1980 masana'antun Kano suka shiga mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kayan gyara sun gagara saye, wuta ta zama sai an gani, Najeriya ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 1995, a 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, atamfar Sin ta cika Kantin Kwari. Wanda ya zaga Bompai ko Sharaɗa yau zai ga tsofaffin masaƙu sun koma rumbunan ajiye kayan da aka shigo da su. Tare da kowace masaƙa da ta rufe, an yi asarar abin da ba ya cikin lissafin akawu: makanikan da suka shekara ashirin suna sauraron inji har suka san ciwonsa daga sautinsa. Waɗannan su ne ainihin waɗanda fasahar ta shiga hannunsu, kuma ba a taɓa gayyatarsu aji su koyar ba. Da yawansu sun koma acaba da tireda, ilimin ya tsufa tare da su.

Duk da haka wuraren ba kufai ba ne. Akwai masu roba da takalma da tabarmi, da masu jima, da masu sarrafa shinkafa da man girki da abin sha. Jami'a ma ta sauya. Cibiyar binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa da Jami'ar Bayero ta kafa a 2012 tana aiki da manoma da kamfanonin iri, kuma fannin noma ya nuna cewa in akwai mai ɗaukar sakamakon bincike ya kai kasuwa, ana ɗauka. Kamfanin tumatir na Ɗangote a Kadawa, wanda aka buɗe a 2016, ya tsaya cikin ɗan lokaci saboda ƙwarin da manoma suka laƙaba wa suna sharon sun cinye gonaki. Wannan ya tuna wa kowa cewa inji na biliyoyin naira yana iya zama a banza saboda tambayar da masanin ƙwari ne kaɗai zai amsa.

Yanayin da ya tura kamfanoni Samaru a 1988 kuma ya dawo. Tun da aka saki naira a 2023, ɗauko injiniya daga waje ko sayo sinadari da dala ya zama abin da ake tunani sau biyu. A watan Afrilun 2024 kuɗin wutar rukunin Band A ya tashi daga naira 68 zuwa 225 a kan kowane ma'auni. Mai masana'antar da a da ba ruwansa da sanin wane inji ne ya fi shan wuta, yau yana so ya sani. Irin wannan aiki, na auna wuta da bin diddigin kaya da sake rubuta manhajar tsohon inji, ba ya buƙatar shekara goma sha bakwai irin ta BASF. Ɗalibai uku da malami ɗaya da na'urar awo mai araha za su iya fara shi a zangon karatu guda.

Sharaɗi na farko ya samu ba da shirin kowa ba. Sauran biyun suna hannun mutane. Jami'a tana iya ƙirga aikin da malami ya yi a masana'anta cikin ma'aunin ƙarin girma, ta bayyana kason mai ƙirƙira a rubuce, ta sa ɗalibin da ya dawo daga SIWES ya kawo matsala ɗaya ta gaske a maimakon hatimi. Reshen ƙungiyar masu masana'antu na Bompai da na Sharaɗa da Challawa suna iya tara matsalolinsu a takarda ɗaya su kai tsangaya, su haɗa kuɗin gwajin da kamfani ɗaya ba zai iya ɗauka ba. Wani kaso na harajin ilimi kuma ana iya ɗaure shi da sharaɗin cewa sai kamfani ya sa nasa kuɗin kafin a saki na gwamnati, kamar yadda cibiyoyin Fraunhofer na Jamus suke samun ƙarin tallafi gwargwadon kwangilar da suka samo daga masana'antu.

Tsofaffin makanikan masaƙu da suka rage a raye suna nan cikin unguwannin Kano, shekarunsu suna ja. Kafin a sa hannu a kan wata sabuwar takardar fahimtar juna a ɗakin taro, da a fara nemo su a zaunar da su gaban ɗaliban injiniyanci.